Abin da Ke Ƙarƙashin Ƙafar Tebur

Kowa a layin ya san Mai Burodi ba ta karanta takarda, sai dai a karanta mata. Wai tabarau ne ya ɓata. Shekara tara ke nan ana nemansa. Ƙaninta Auta, wanda ta goya, ta aurar, ta kuma damƙa wa motar rabon burodi, shi ne idonta.

Ranar Talata da hantsi wani ma'aikacin kotu ya shigo, ya tsaya gaban injin kwaɓa fulawa yana rubuta lambarsa.

"Malam, lafiya? Saya za ka yi?"

"Sayarwa dai za a yi, Hajiya. Ƙaninki ya ci bashin mai babura. Sau uku kotu tana aiko miki ki riƙa cirewa daga albashinsa kina kai mata. Ba ki amsa ba, ba ki je ba. Yanzu bashin ya dawo wuyanki."

"Ni ban ga takarda ba."

Ya nuna mata inda aka sa hannu aka karɓa. Ba ta iya karatu ba, amma ta san wannan tonon kazar. Na Auta ne.

Sai ta tuna ambulan ukun nan da ya ce mata tallar masu yis ɗin burodi ce. Ta kuma tuna teburin murza ƙullu da ya daina rawa wata uku da suka wuce, har ta yi ta yabon Auta gaban ma'aikata. Matar da ko kuɗi ya faɗi ba ta durƙusawa, ranar ta durƙusa. Ta zaro takardu uku daga ƙarƙashin ƙafar teburin, a ninke, sun sha mai da fulawa, ga hatimin kotu ɓaro-ɓaro.

Auta ya shigo yana fito, fiton ya maƙale.

"Yaya, wallahi so na yi in biya kafin ki sani. Kar jininki ya hau."

"Sannu, likita. Kawo makullin motar."

Ya miƙa. Ta juya ga ma'aikacin.

"Malam, goge lambar injin nan, da shi nake ci da mutum shida. Rubuta ta motar. Daga yau ba ta da direba."

Teburin har yau rawa yake. Ta hana kowa gyarawa.