Ranar da Umaima Ta Buɗe Baki a Gaban Surukinta

Duk layinsu a Zongo an san Umaima da kunya. Ta daɗe da barin Katsina ta tare a Lome, amma har gobe in ta ji tarin surukinta, Alhaji Abdurrashid, sai ta ja mayafi ta durƙusa, ko da tuwo take tuƙawa. Ba ta taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, balle ta kama sunansa.

Akwai abin da ita da mijinta Salahu kaɗai suka sani. Tana da wani ƙari a hanji, likitoci na ce masa karsinoyid. In ya motsa, fuskarta ta ɗau zafi kamar ta leƙa tukunya, numfashi ya toshe, sannan zawo ya biyo baya. Allurar wata-wata take karɓa a babban asibiti, ta haƙura da daddawa da kyafaffen kifi. Likitan can ya ja mata kunne sosai: duk wanda zai sa ta barci don tiyata, lallai ya san da ciwon, a ɗaura mata ruwan magani tun kafin a fara. In ba haka ba, jininta na iya faɗuwa warwas a kan gadon aiki, ta tafi ke nan.

To, sai ga tsakuwa ta fito mata a matsarmama, ciwo ya murɗe ta, alhali Salahu ya ɗauki kaya a tirela daga tashar jirgin ruwa zuwa Yamai, wayarsa ma ba ta shiga. Alhaji bai yi wata-wata ba, ya sa ta a taksi zuwa wani asibitin kuɗi a unguwar Hanoukopé. Shi haifaffen Lome ne, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Ita kuwa nata bai wuce na gaisuwa ba, don haka shi ne tafinta.

Aka yi hoto, aka ce sai an yi aiki. Aka tura su wurin likitar sa barci, wata doguwar mata mai tabarau. Ta yi tambaya, Alhaji ya amsa bai ko waiwayo ba. Sai bayan ya gama ya ce, "'Yata, tambaya take ko kina da wani ciwo. Na ce mata lafiyarki lau, Alhamdulillahi. Gobe da safe za a yi."

Wayyo! Umaima ta ƙara sunkuyar da kai. Ta ina za ta fara? A gaban uban mijinta ta ambaci zawo? Tsoro ya kama ta, kuma tsoron ne ya tayar da ciwon. Fuska ta ɗau zafi, ƙirji ya fara shaƙewa. Ta tuna 'yarta Hadjara da ta baro tana kuka a ƙofar gida. Likita ta riga ta miƙe za ta sallame su.

"Baba," in ji Umaima, "ba lafiya lau ba ne."

Alhaji ya juyo da mamaki. Ta ɗago kai, karo na farko tun da aka kawo ta gidansa.

"Ka ce mata karsinoyid gare ni. In ta sa ni barci babu magani, mutuwa zan yi."

Likita na jin sunan ta koma ta zauna, ta cire tabarau. Tambayoyi suka fara zubowa. Alhaji ya yi gyaran murya, ya kafa wa bango ido.

"Wai... kina yawan zagayawa?"

"Zawo ne, Baba. Ka faɗa mata da sunansa. Wani lokaci ko sallah ba na idarwa."

Dattijon nan ya fassara tsaf, bai rage ko kalma ba. Nan take likita ta soke aikin gobe. Ta kira babban asibiti, aka duba zuciyar Umaima, aka nemo maganin, aka ɗaura mata shi tun kafin a shiga da ita.

Ana tsakiyar aiki kuwa jininta ya fara sauka. Amma da yake a shirye suke, suka ƙara maganin, ya dawo daidai. Da likita ta fito ta shaida wa Alhaji haka, sai ya zame ya zauna a benci, yana ta hamdala, hawaye na bin gemunsa.

Umaima ta farka ta tarar da matan Zongo sun zo dubiya da kwanoni. Alhaji na tsaye a bakin ƙofa yana buɗe murfi ɗaya bayan ɗaya. "Hajiya Meimuna, wannan miyar da daddawa! Koma da ita, Allah ya ba da lada."

Da suka watse, ya jawo kujera ya zauna kusa da gadon.

"'Yata, yaya jikin? Kuma kada ki kuskura ki ce mini lafiya lau."

Umaima ta dube shi ido da ido.

"Baba, ɗinkin yana mini zafi. Kuma wallahi yunwa nake ji."

Alhaji ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace, ya tashi ya tafi tambayar likita ko an yarda ta sha koko.