Hannun da Zai Ja Labule

Duk layinmu babu taga irin ta ƙawata. Daga bakin gadonta kana ganin shagon aski, da famfo, da ƙofar mai gyaran wuta wanda ba ya rabuwa da rigima. Tun da ta ajiye keken ɗinki nan muke yini, ita tana riƙe da gefen labule, ni ina fassara.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta same ta. Allah ya taimaka baki ya dawo, ƙafa ma tana takawa da sanda, amma hannun dama ya kwanta a cinya kamar na aro. 'Yarta, mai aiki a wani gari mai nisa, ta ce in hannun bai motsa ba kafin hutunta, za ta tafi da ita. Na taɓa zuwa gidan 'yar. Can ƙololuwar bene ne, tagar ɗakin baƙi kuma bango take kallo. Ƙawata ta ce in za a kai ta can, a haɗa mata da likkafani.

Ni na raka ta wurin likitar gashi, wato gashin ƙashi, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar jikata ba. Ta ɗaga hoton kan ƙawata tana nuna mana wani tabo a ɓangaren hagu.

"'Yar nan, kin riƙe hoton a juye," na ce. "Hannun dama muka kawo."

Ta yi dariya. "Daidai yake, Iya. Umarnin motsi daga saman ƙwaƙwalwa yake tasowa, ya biyo jijiyoyi kamar wayoyin wuta. In sun sauko wajen ƙeya, yawancinsu sai su tsallaka, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Sannan su gangara cikin laka, daga nan saƙo ya fita zuwa hannu."

"Wato hannun bai yi laifi ba, ɗan aike ne ya maƙale a hanya."

"Kusan haka. Wasu wayoyin sun lalace, wasu suna nan. In tana yawan aika saƙon, waɗanda suka rage sukan koyi ɗaukar aikin. Ban yi alkawari ba, amma na ga waɗanda suka samu sauƙi."

Ta ba mu ƙwallon roba, wai a riƙa matsawa. Muna isa gida ƙawata ta shure shi ƙarƙashin gado.

"Ni da na ɗinka wa rabin layin nan sutura, a ce in zauna ina wasa da ƙwallo?"

Komai ta koma yi da hagu, har jan labule. Na yi lallashi, na yi gori, na ce hannun nata ya zama kayan ado. Ko a jikinta.

Ran nan na shigo na tarar ta sa kunne, ana hayaniya a waje. Na zauna a gefenta na hagu, na kama lafiyayyen hannun na cusa a hammatata, na matse. Na leƙa ta 'yar ɓular labule ni kaɗai.

"Ikon Allah," na ce. "Ashe da rabon in ga wannan."

"Mene ne? Sakar min hannu."

"Ga na dama nan, ba kowa a kansa."

"Ke dai tun kina yarinya muguwa ce. Wa ke faɗa?"

"Har da akwati a waje. Amma ba ruwana, kar a ce ni na faɗa."

Ta zage ni tas, har da kakata da ta rasu tun kafin a haife mu. Sannan ta tsura wa hannun ido, haƙora a cije, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Kafaɗa ta ɗaga, gwiwar hannu ta ɗan ja baya. Yatsu kuwa ko alama. Na ba ta rabin labarin a matsayin lada, wato akwatin na matar mai aski ne. Dalilin fito da shi na ajiye sai gobe.

Haka muka ci gaba. Ranar da layi ya yi shiru sai in ƙirƙiro. Lokacin da ta fara ture labulen da bayan hannu, na ce mata mai gyaran wuta ne ake ja da wuyan riga. Da ta leƙa, kare ne kwance a inuwar mota. Ba ta yi min magana ba har na tafi, amma da safe na tarar ta matsar min da kujera ɓangaren hagu. Likitar gashi ta ce babban yatsa ya fara amsawa, ta tambayi wane motsa jiki muke yi. Na ce sirrin tsofaffi ne.

Hutu ya zo, 'yar ta iso da jaka fanko. Hannun bai kai yadda muke so ba. Cokali yana zamewa, maɓalli kuwa ba a magana. 'Yar ta duba, ta girgiza kai, ta fara ninke kaya.

"Gwaggo, kin yi ƙoƙari," ta ce min. "Amma ba zan bar ta haka ba."

Yarinyar dai tana da gaskiyarta. Ta ɗauko zanen gado mai furanni za ta sa a jaka. Ƙawata tana zaune a bakin gado, hannun hagu a kan sanda. Sai na ga na dama ya taso daga cinya, ya kama bakin zanen. 'Yar ta ja, bai saki ba.

"Mama, saki mana."

"Ba zan saki ba. Nawa ne."

'Yar ta sake ja a hankali, sannan ta lura da hannun da ke riƙe. Ta durƙusa a gaban uwar, ta daɗe tana kallon yatsun.

"Sake matsewa in gani."

Ƙawata ta matse, har zanen ya tattare.

'Yar ta share ido da gefen mayafi, ta fara fito da kayan daga jaka. Ta ce za ta samo mai kwana da ita, kuma kowane mako sai an kira ta a waya ta ga hannun da idonta. In ya tsaya, maganar tafiya tana nan.

"Kin ji dai," na ce wa ƙawata.

"Na ji. Je ki ɗora mana ruwan zafi, yarinya ta sha hanya."