Abin da Ya Sami Hannun Uwaisu

A kakar gyaɗar shekarar 1956, Uwaisu na cikin 'yan dakon shingen Jibiya. Manyan motocin da ke tasowa daga Maraɗi, waɗanda mutanen can ke kira kamyo, nan suke tsayawa a sauke buhuna, ma'aikatan kwastan su duba, a sake lodi. Matarsa Safiyatu tana sayar da fura a gindin gawon da ke daura da shingen, saboda haka a kan idonta abin ya faru. Sarƙar ƙyauren bayan wata mota ta tsinke, ƙyauren ya faɗo da nauyin buhunan da ke jingine da shi, ya danne masa hannun dama a kan ƙarfe.

Kwanansa goma sha tara a asibitin Katsina. Ya komo gida Magama ba ƙaramin yatsa, ba na kusa da shi. Biyu sun sanƙare, babban ne kaɗai ke motsi sosai.

Ciwon ya yi sauƙi, amma mutumin bai komo ba. Hannun kullum yana cikin riga. Ya daina fita ƙofar gida cin tuwo da maza, don kada a ga yana kai loma da hagu. In ya hango mai son gaisawa da shi, sai ya sake hanya. Shekararsu goma sha bakwai tare, Safiyatu ba ta taɓa ganin ya bar tuwo a akushi ba sai wannan karon.

Wata safiya tana ɗaura masa tsumma, ya kau da kai ya ce, "Ki daina wahalar da kanki. Na lalace."

Ta gama ɗaurin, ta fita bayan rumbu ta yi kukanta, ta wanke fuska.

Ana nan sai saƙo ya zo daga Malam Kalilu, akawun shingen, cewa Uwaisu ya je ya sa hannu a takardar bayanin haɗarin, za a aika wa Bature a Katsina. Da farko ya ƙi. Safiyatu ta yafa mayafi ta tsaya bakin zaure, ta ce in ba ya zuwa ita za ta je ta ce ya ƙi. Dole ya tashi.

Malam Kalilu dattijo ne mai haƙuri. Ya ba su tabarma a inuwar rumfa, ya yi wa Uwaisu ya jiki, sannan ya ɗauko takardar ya soma fassara musu.

"Ɓarnar da aka yi: ƙyauren mota ɗaya, buhun gyaɗa huɗu, hannun ɗan dako ɗaya."

Safiyatu ta ɗago kai. "Malam, a gafarce ni. Mi ka ce?"

Ya maimaita.

"Ɓarna?" ta ce. "Ɓarna ai ita ce abin da awakin maƙwabta suka yi mini a shanyar gero. Yanzu hannun maigidana layi ɗaya yake da ƙyaure da buhu?"

"Baiwar Allah, ba ni na tsara ba," in ji Malam Kalilu. "Takardar haka ta zo. Kalma ɗaya Turawa suka sa a saman gurbin nan, ita ce ta ƙyaure, ita ce ta buhu, ita ce ta mutum."

"To su ta shafa. Mu muna da bakinmu."

Akawun ya dube ta, ya ajiye alƙalami. "To, mu ce hasara?"

Safiyatu ta ce, "Yatsun nan biyu hasara ce, na yarda. Ni na tsince su a ƙasa, na naɗe a ƙyalle, aka kai aka binne. Ba za su komo ba. Amma ba hannun duka aka binne ba."

Uwaisu ya juyo ya dube ta. Bai taɓa sanin ita ta tsince su ba.

"Lahani fa?" in ji Malam Kalilu.

"A kasuwa nake jin wannan, in ana taya jaki ana son a karya kuɗinsa."

"Illa?"

"Kai, Malam," Uwaisu ya katse su, muryarsa a dushe. "Kada ka biye mata. Rubuta ya lalace, a wuce wurin. Gaskiya ke nan."

Safiyatu ta juya gare shi gaba ɗaya, ta manta da akwai baƙon ido. Ba ta ɗaga murya ba.

"Maigida, sana'ata nono. In ya lalace na sani, zubarwa nake yi, in wanke ƙwaryar. Kai rauni ka ji. Kullum ni nake kwance shi, ni nake ɗaurewa, na fi ka ganinsa. Jiya ya fi shekaranjiya. Tabo zai bari, kuma babba. Amma ka daina faɗa mini kalmar nan, tana cutar da ni fiye da yadda ƙyauren ya cutar da kai."

Can bakin shinge wata mota na ta gurnani, ana jiran a ɗaga mata sanda.

Malam Kalilu ya jawo takardar. Ya ja layi a ƙarƙashin buhunan, ya soke abin da ke bayansu. A ƙasan shafin, inda babu gurbi, ya yi rubutu a hankali, sannan ya karanta: "Uwaisu na Magama ya ji rauni a hannun dama. Ya rasa yatsu biyu. Yana warkewa."

"Bature zai yi faɗa?" Safiyatu ta tambaya.

"In ya yi, na sha," in ji shi, ya turo tawada. "Dangwala nan. Ko wane hannu ya yi."

Uwaisu ya miƙo na hagu, ya tsaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya janye shi, ya zaro na daman daga cikin riga. Safiyatu ta matso ta tallabi wuyan hannun, ba ta danna masa ba, ta dai riƙe. Ya tsoma babban yatsa, ya dangwala. Shaidar ta fito ta ɗan karkace, amma ta fito.

Bai sake ɗaukar buhu ba. Kafin ruwan farko ya taka har Daddara wajen wani baduku, ya nuna masa hannun ba kunya, aka ɗinka masa maɗauri na fata da ke riƙe ƙotar hauya a tafinsa. Kunyoyin da ya yi a damanar nan duk a karkace suke, maƙwabta har tsokanarsa suke yi, yana ramawa. Geron kuwa ya yi, ya kai su har wata kakar.