Sifili a Gurbi Ɗaya

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, akwatin ajiyar matata ya daina karɓar kwamfutata.

Wani baƙin ƙarfe ne a ƙarƙashin teburinta, mai fitila ɗaya da ƙaramar fanka. Da idona ya soma mutuwa, sai ta riƙa karanta littattafaina da baki tana ajiye muryar a cikinsa, duk lokacin da na fita. Ban taɓa saurara ba. Ina da mai muryar a gida.

Yanzu kwamfutar ta nemi shiga, akwatin ya katse ta. Na kashe, na kunna, na zare waya na mayar. Na fita tsakar gida, masu ta'aziyya suka ce in yi haƙuri, kamar ana sayar da shi a bakin titi. Na koma ɗaki na sake gwadawa.

Sai na kira ƙaninta, wanda muke ce wa Injiniya. Ya durƙusa yana ta danne-danne.

"Yaya, duk karatun nan naka, ƙarfe ya kore ka?"

"Kai da ba ka karanta komai ba, buɗe shi mu gani."

Ya ce kafin a shiga, sai kwamfutar ta gabatar da kanta: sunanta, da yawan bayanin da za ta iya ɗauka a tashi guda. Jiya 'yata ta sabunta kwamfutar, gurbin yawan ya koma sifili.

"To akwatin ya ce sifili ba daidai ba ne mana!"

"Zai iya. Anti ce ta saita shi, in aka zo masa da shirme, ya rufe ƙofa bai ce uffan ba."

"Na san halin," na ce. "Da shi na tsufa."

"In kuma kuka ci gaba da matsa masa, toshe ku zai yi gaba ɗaya. Sau nawa ka gwada?"

Na nufi taga. Ya goge sifilin ya sa lamba. Fitilar ta yi ta ƙiftawa, ni kuma ina kai-komo tsakanin taga da ƙofa. Can ta tsaya, akwatin ya buɗe.

Ya danna karatun farko ya fice. Matata ta yi gyaran murya, takarda ta motsa.

"Malam, kana jina?" ta ce, ta ɗan dakata kamar mai jiran amsa, sannan ta fara karatu.

Na duba na biyu, na uku. Haka ta buɗe kowanne, har da ɗan jiran.

Ina jin ki.