Gwajin Lasifika a Al Thumama

Garzali ɗan Malumfashi ne, mai gadi a filin ƙwallo na Al Thumama. Ana tsakiyar korona kamfani ya kawo shi wurin, lokacin da ba ka jin komai a unguwar sai injinan gini da jirgin sama jefi-jefi. Mutum ne da kiɗa bai dame shi ba. Ko a ɗakinsu na unguwar Mansura, in samari suka kunna waƙa, juya wa bango fuska yake ya yi barcinsa.

Saura 'yan kwanaki a fara gasar cin kofin duniya, da hantsi, shugabansu ya kira shi tare da Fatawu, abokin aikinsa ɗan zangon Kumasi. Ya ce wani injiniya zai gwada lasifikokin filin. Su hau can ƙololuwar kujeru, kowa gefensa, in sauti ya iso musu tangaram su ɗaga hannu.

Garzali ya hau yana haki. Daga sama ya hango injiniyan, wani dattijo ɗan Sifen mai suna Anselmo, ya zama ɗan mitsitsi a bakin ciyawa. Ba kowa a kujerun.

Da tafi aka fara. Tafin hannu zalla, wani na shiga tsakanin wani, kamar mata uku a turmi guda. Jita ta biyo baya da zafinta. Sai muryar mace ta fito, siririya, ta kama harafi ɗaya ta dinga lanƙwasa shi, har Garzali ya ji numfashinsa na neman ƙarewa a madadinta. Bai gama farfaɗowa ba wani gurnani na na'ura ya taso daga ƙasa, ya bi ta tafin ƙafarsa ya tsaya a ƙirji. Na'urar ta daddatsa muryar ta watsa, mace ɗaya ta zama goma, suna amsa wa juna daga kowace kusurwa.

"Ikon Allah," ya ce a hankali.

Oba-obar da ke kafaɗarsa ta yi ƙara. Fatawu ne. "Yalla, Garzali, ɗaga hannu mana! Baba na jiranka tun ɗazu!"

Ashe ya manta abin da ya kai shi. Ya ɗaga hannu biyu.

Da suka sauko, Garzali, wanda ba ya tanka wa baƙi, ya nufi dattijon da guntun Turancinsa. "Baba, wannan Larabci ne?"

Anselmo ya yi dariya. Ya ce Sifaniyanci ne, sabuwar waƙa ce ta wata yarinya, amma salon tsoho ne tukuf, daga kudancin ƙasarsu. Haka kakarsa ke rerawa in tana wanki. "Jikata ta turo mini ita lokacin kulle. Da farko fushi na yi, na ce yara sun lalata kayan kakanni da na'ura. Sai ga ni ina sa ta kullum."

"Me take cewa?"

"Tana gaya wa wanda ya yi tafiya cewa ta daina rage masa abinci. Amma ƙarya take. Ba ka ji muryarta ba?"

Rabon Garzali da matarsa Atine tun lokacin annoba, kuma bai taɓa tambayarta ko ita ma tana ragewa ba.

"Baba, a sake mana?"

Dattijon ya dube shi, ya dubi agogo, ya ɗaga kafaɗa. Aka sake. Wannan karon a ƙasa Garzali ya tsaya, sautin na zubo masa ta ko'ina. Masu share kujeru suka jingina da tsintsiyoyinsu. Fatawu ya gwada bin tafin, ya ɓace, ya haƙura.

Da yamma a motar kamfani Fatawu ya lalubo waƙar a wayarsa. "Ga ta nan, mutumina, na samo maka."

Garzali ya kara kunne. Tafin ya koma kamar ana taka busasshen ganye, gurnanin kuwa babu shi.

"Kashe," ya ce. "Ba ita ba ce."

"Wallahi ita ce!"

"Na sani. Kashe dai."

Fatawu ya kashe yana ƙunƙuni.