Taƙi Biyu, Sai Dutse

Ruwan farko na shekarar da la'asar ya zo, tare da iska irin mai yaye kwanon rufi. Yana ɗaukewa Y Krang ya haye babur ya nufi gonar gindin tsauni, ko riga bai tsaya sakawa ba. Bishiyar duriyan, mai manyan 'ya'yan nan masu ƙaya da tsada, arba'in gare shi a can, shekararsu biyar, bana ne suka fara 'ya'ya, kowane reshe ya rankwafa don nauyi.

Da ya sha kwanar ƙarshe sai ya taka birki, ya kasa sauka. Inda ya saba ganin duhun ganye, sararin sama ya gani fetal. Bishiyoyin duk suna kwance, kawunansu sun kalli gangare. Ba karyewa suka yi ba, da ma karyewar ce. Tumɓukewa suka yi ɗungurungum, saiwoyinsu a sama, a baje kamar faifai, babu ko ɗaya da ta taɓa nutsawa ƙasa. Can ya jingine babur ya shiga cikinsu.

Gonar kuwa ba tasa ba ce. A wurinmu ƙasa ta mace ce, namiji shi ake kawowa gidan matarsa da 'yar jakarsa. Wannan ta matarsa H'Juen ce, daga uwarta ta same ta, kuma 'yarsu H'Len ce za ta gaje ta. Shi Y Krang ɗan can saman tudu ne, inda jar ƙasa ke da zurfin da za a haƙa rijiya gaba goma ba a ji ƙarar dutse ba. Da ya zo ya ga ta nan ma ja ce, shi ke nan, ya gama karatu.

Surukarsa, tsohuwa H'Blim, ta gaya masa tun ranar da ya wasa gatari zai sare itatuwan yazawar da ke gonar.

"Baban H'Len, ƙasar baƙin dutse iri uku ce," in ji ta. "Akwai irin taku, mai haɗiye mutum a tsaye. Akwai ta kwari, baƙa mai danƙo, ta shinkafa. Sai wannan ta gindin tsauni, rabinta tsakuwa, taƙi biyu ka ji dutse. Yazawa da ciyawa kaɗai ta sani."

"Haba Inna, ai ja ja ne."

"Kama da wane ba ta wane. Ka zura sanda ka ji mana."

Bai zura ba. Ya sare yazawar, ya kawo diga. Taƙi ɗaya ya tarar da tsakuwa, na biyu ruɓaɓɓen dutse mai fashewa kamar busasshen ƙanzo, daga nan sai baƙin dutse mai mayar da diga da tartsatsi. Mai hankali a nan zai tsaya. Shi kuwa sai ya ƙwaƙule 'yan ramuka, ya cika su da kashin shanu, ya dasa, ya ja bututun ruwa, ya feshe ciyawar wurin da magani tas don gona ta yi kyan gani irin ta garinsu. Abin haushi, bishiyoyin suka tashi shar. Shekara biyar yana wucewa ta gaban tsohuwar yana fito.

Yana nan tsaye cikin rassan da suka zube, 'ya'yan duriyan ɗanyu warwatse ko'ina, sai ga H'Juen a kan babur ɗin maƙwabta, ta goyo uwarta a baya. H'Juen ta sauka ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni! Duka? Baban H'Len, duka?"

"Iska ce," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba. "Ban taɓa ganin irin wannan iska ba."

Tsohuwar ta nuna gonar da ke gefe da haɓa. Yazawar mutane na tsaye, ganye kawai suka zubar.

"Ita iskar gonarka kaɗai aka ba ta kwatance?"

"Zan sake dasawa, Inna. Wannan karon zan kafa musu turaku, in ɗaure da waya. Shekara huɗu ma sun isa."

"A cikin me za ka dasa?"

"A nan mana."

"Dubi ƙafarka, ɗan nan."

Ya duba. A kan dutse yake tsaye, baƙi wuluk, wankakke, ruwa na sheƙi a kansa. Ya matsa gefe, dutse ne. Ya ƙara gaba da sauri, ya durƙusa ya yaƙushi wurin da yatsu, tsakuwa zalla ta cika masa hannu. Sai a lokacin ya ɗaga kai ya kalli gonar da kyau, ba bishiyoyin ba. Duk inda saiwa ta ɗaga, ruwa ya samu ƙofa ya shiga ƙarƙashi, ga shi babu ciyawar da za ta riƙe komai. Tun daga sama har ƙasa zaizaya ta tsaga gonar gida-gida. Can gindin gangare, a bakin rafi, jar laka ce jibge, ruwa na ci gaba da gutsurarta yana tafiya da ita.

Nan ne ya gane. Asarar bishiya ya zo kuka, ashe gonar ce da kanta ta tashi ta bar wurin.

"Taƙi biyun nan da ka raina," in ji tsohuwar, yanzu babu zolaya a muryarta, "dutse ne ya ruɓe ya haife su, a hankali, tun ba a san sunan kakar kakata ba. Ni ban ƙara mata komai ba, amma ban rage ba. Haka na miƙa wa 'yata." Ta juya ta kalle shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ya shigo gidanta. "H'Len fa? In ta yi miji, me uwarta za ta nuna mata?"

Ya so a zage shi, ko a ce ya tattara jakarsa ya koma gidan 'yan'uwansa mata, da ya fi masa sauƙi.

H'Juen ta share fuska da gefen zane. Ta shiga 'yar bukkar gona, ta fito da kwandunan goyo biyu, irin waɗanda ake ɗebo yazawa da su, da shebur ɗaya. Ta rataya ɗaya a bayanta, ta jefa masa ɗayan a gaban ƙafarsa.

"Tashi," ta ce. "Hadari na sake haɗowa. Abin da rafi bai kai ga ɗauka ba, na yarinyar ne."

Ta gangara, ya bi ta. Kwandon farko da ya hauro da shi, yana haki, laka na zuba masa a gadon baya, ya juye a kan dutsen ya baje da hannu. Ko inda ƙafafunsa biyu ke tsaye bai rufe ba.