Tudun Ƙofar Asibiti

Shekara huɗu ina hawa motata ban taɓa ganin aibunta ba, sai ranar da Ɗan Kwalisa ya faka tasa kusa da ita. Abokin aikina ne a maɗaba'a, shi ke tsara shafi a kwamfuta, ni ke kan injin yanka takarda. Ƙirar motocinmu ɗaya, amma tasa ta kwanta luf da ƙasa, tayoyin sun shige cikin madigadi, tawa kuwa tana tsaye ƙiƙam kamar mai tattare wando zai tsallake kwata. Ya zagaya ta sau biyu, ya zura hannunsa duka tsakanin taya da madigadi, ya ce, "Malam, a nan kake shanya kaya?"

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma iyakarta haƙora. Ni mutum ne da ba na son a raina ni, kuma wannan halin shi ya kai ni inda ya kai ni.

Motar nan ba ta yawon gayu ba ce, ta zuwa aiki ce. Kullum ƙarfe bakwai ina ƙofar gidan Yaya. Yayata ce ciki ɗaya, ta ba ni shekara goma sha ɗaya, kuma ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har yau Auta take ce mini ko a gaban wa. Tana aiki a ɗakin ajiyar fayil na asibiti, can ƙarshen harabar, bayan ɗakin wanki. Mace ce mai jiki, mai dariya, kuma gwiwarta ta hagu ta daɗe tana ba ta wahala. Saboda gwiwar nan nake shiga da ita har bakin ofishinta, sannan in juyo in wuce nawa aikin.

Ana haka shokar gaba ta fara yoyon mai. Wallahi murna na yi, na samu dalili. Na kai ta garejin Mai Tsaki, tsohon bakanike da ba ya fara magana sai ya ja tsaki. Ya ajiye mini abu biyu a kan benci. Ɗaya irin shokar da motar ta zo da ita. Ɗayar kuma tana ƙyalli, sifirin ɗinta ja, jikinta da zare irin na noti da zobba biyu a kai.

Ya ja tsaki ya ce, "Wannan ita ce koiloba da kake ta yi mini waƙarta. Ka murɗa zobban nan sama, mota ta tashi. Ka murɗa ƙasa, ta kwanta. Ɗan maɓallin nan na kai kuma shi ke sa ta yi taushi ko tauri. Ba ta da laifi, in mutum ya san abin da yake so. Wace hanya kake bi kullum?"

Na faɗa masa.

"Hanyar da ke da tudun rage gudu har biyar? To. Wa kake ɗauka?"

Na san in na ce Yaya, zai mayar da jar cikin kwalinta. Sai na ce, "Ni kaɗai ne."

Ya ce ya ji, amma shawararsa a bar tazarar yatsa uku tsakanin taya da madigadi, a kuma bar maɓallin a taushi, tunda motar aiki ce. Na ce yatsa ɗaya nake so, kuma a ɗaure ta tamau kamar ta Ɗan Kwalisa. Ya dube ni ta saman gilashinsa, ya ja tsaki mai tsawo, ya yi yadda na ce. Da zan tafi ya miƙo mini wata sifana mai lanƙwasasshen baki, ya ce da ita ake murɗa zobban, in ajiye ta kusa don zan neme ta. Na jefa ta aljihun gaban mota.

Kai, ranar na ji daɗi! Sau uku ina waiwayen motar kafin in shiga gida.

Ranar Litinin Yaya ta buɗe ƙofa, ta nemi kujera inda ta saba samunta, ba ta nan, sai da ta faɗa ciki. Ta ce, "Wash! Auta, motar ce ta gajarce ko ni ce na ƙara tsawo?"

"Shoka na canja, Yaya. Tsohuwar ta mutu."

"Allah sarki. Ta yi ƙoƙari, ta sha ɗaukata."

Tudu huɗun farko na bi su a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, ina tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Na biyar shi ne na ƙofar asibiti. Shi wannan ba ya karkatuwa, don ƙofar matsattsiya ce. Na hau a hankali, sai ji kake ƙuuurrr, cikin motar ya dafe a kan siminti. Na taka mai, ta ƙara ƙara. Maigadi ya fito daga ɗakinsa yana riƙe baki, ma'aikatan jinya uku da ke shigowa suka tsaya, mai motar bayana ya danna hon.

Zufa ta keto mini. Kuma a nan ne bakina ya faɗi abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Da ƙarfi na faɗa, gilashi a sauke:

"Haba Yaya, ai ke ce! Nauyi ya yi wa motar nan yawa."

Borin kunya ne, ba wani abu ba. Sai Yaya ta yi 'yar dariya, ta ce wa maigadi, "Ka ji ko? Yau an tona mini asiri." Ta dafa ƙofa ta yunƙura, sau biyu kafin ta miƙe. Da ta fita motar ta ɗan sassauta, na ja baya ta sauka daga tudun. Maigadi ya ce, "Ai kuwa ga shi ta tashi." Kowa ya ga hujja da idonsa.

Abin da ba su gani ba shi ne, minti goma bayan nan, ni kaɗai a ciki, ta gurji tudun da ke gaban maɗaba'armu har sai da salansa ta yi kuka.

Na so in faɗa mata da yamma. Na tsara maganar a raina ina yanka takarda. Amma da na fito Ɗan Kwalisa ya tsuguna gefen motata, ya gwada yatsa ɗaya, ya miƙe ya ba ni hannu. "Yanzu ka shigo gari," in ji shi. Shi ke nan maganar ta bi iska.

Washegari tun kafin mu kai ƙofar asibiti Yaya ta ce, "Tsaya nan, Auta, in sauka. Likita ma ya ce in riƙa takawa." Ƙarya take yi, likita cewa ya yi ta huta wa gwiwar, a gabana ya faɗa. Na sani, ta san na sani, amma na taka birki. Daga ƙofar zuwa ɗakin fayil tafiya ce mai hawa, a wuce ɗakin haihuwa, a wuce ɗakin gwaji, a zagaya ɗakin wanki. Na gan ta a madubi tana jan ƙafar, jaka a kafaɗa, na kunna rediyo.

Haka muka yi mako shida.

Ta daina zuwa da kular abincinta. Ta canja babbar jakarta da ƙarama. In na tsaya a gidanta da yamma aka zuba abinci, sai ta tsakura ta ce ta ƙoshi, ita da ke yi mini faɗa in na rage loma. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne wata ɗabi'a da ta ɗauka. Duk lokacin da muka tunkari tudu, sai ta kama mariƙin da ke saman ƙofa da hannu biyu, ta ɗauke numfashi, ta ɗaga jikinta daga kujera. Wai don ta rage wa motar nauyi. Na san hakan ba ya rage komai, mariƙin ma ai a jikin motar yake. In mun wuce lafiya sai ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Ka gani? Yau ban sa ta kuka ba."

Wata safiya tana neman tishu ta buɗe aljihun gaba, sifanar nan ta faɗo mata a cinya. Ta juya ta ta ce, "Wannan kuma na mene ne?"

"Wani ƙarfe ne kawai."

Ta goge shi da gefen mayafinta ta mayar. Minti ashirin aikin yake ci, Mai Tsaki ya faɗa mini. Kullum sai in ce Asabar mai zuwa, in Asabar ta zo kuma sai in tsaya in kalli motar daga nesa in ce a ƙara mako ɗaya. Ban da haka, in na ɗaga ta Yaya za ta tambayi yadda aka yi, ni kuma ba ni da amsar da ba za ta tona ni ba.

Asabar ta bakwai na je gareji canjin baƙin mai da hantsi. Ina faka mota na hango mayafin da na sani a kan bencin da aka taɓa ajiye mini shoka biyu. Yaya ce, ta miƙe ƙafar hagu, gwiwar ta kumbura har ana ganinta ta cikin zani. Bas biyu ta hau ta zo. Da ta gan ni sai ta daburce kamar wadda aka kama tana sata.

"Auta! Ai so na yi sai an gama ka ji. Ka taɓa cewa nan kake gyara. Na zo in tambaye shi ko akwai sifirin mai ƙarfi, na masu jiki irina, a sa maka ta gefena. Kada in kashe maka sabuwar kamar yadda na kashe tsohuwar."

Mai Tsaki yana tsaye da tsumma a hannu. Ya dubi Yaya, ya dubi motar, ya dube ni. Abin mamaki, bai ja tsaki ba. Da ya ja da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Hajiya, wannan ce motar? Ke kike hawanta?"

"Kullum. Shekara huɗu ke nan, Allah ya yi masa albarka."

Ya juyo gare ni. "Kai da ka ce mini kai kaɗai ne?"

Na ga fuskar Yaya ta canja a hankali, tana ƙoƙarin haɗa maganar.

Mai Tsaki ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Tsohuwar shoka shekaru ne suka kashe ta. Wannan kuma ko kyanwa aka ɗora a kujerar nan sai ta gurji tudu, don saukar da ita aka yi. Na ce yatsa uku, mai ita ya ce ɗaya. Sifanar ɗagawa ma tana wurinsa."

"Mai lanƙwasasshen baki?" in ji Yaya.

Ni dai ƙasa nake kallo, wani tsohon filogi a cikin baƙin mai, na haddace shi tsaf. Na jira ta zage ni. Yaya ta iya faɗa, ta taɓa bi na da muciya har bakin titi ina da gemuna. Da ta yi hakan da na gode mata. Sai kawai ta ce, murya ƙasa ƙasa:

"A gaban maigadi fa, Auta."

Na ce, "Yaya, ki yafe ni. Kunya ce ta kama ni ranar, na rasa inda zan sa ta."

"Sai ka sa mini."

Mai Tsaki ya jawo jak zai fara, na ce ya bari ni zan yi. Ya nuna mini sau ɗaya ya koma gefe. Na cire taya, na zauna dirshan a ƙasa da kayana masu kyau. Ƙura ta cushe zaren, zobban suka ƙi motsi, sifana ta kuɓuce ta fasa mini bayan yatsu. Aikin minti ashirin ya ci mini awa biyu. Ƙafa huɗu na bi, ina murɗawa ina gwadawa, har yatsa uku suka shiga, sannan na mayar da maɓallan taushi. Yaya tana kan benci tana kallona. Sau ɗaya kawai ta miƙo mini tishu daga ƙaramar jakarta saboda jinin.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai ina ƙofarta. Ban yi zaton za ta fito ba, ta fito. Ta samu kujera a inda take da, ta amsa gaisuwata. Muka wuce tudu huɗu ina kallon gabana, na kasa haɗa ido da ita. Da muka tunkari asibiti na ce, "Har bakin ofis zan kai ki."

Maigadi ya leƙo, ya gyara tsayuwa don ya ga abin da zai faru. Na sauke gilashi na ce masa, "Baba, ranar nan ƙarya na yi. Ni na saukar da motar don gayu, ba Yaya ba ce." Ya yi sororo, da alama ma ya manta.

Na saki birki. Tayoyin gaba suka hau tudun, sai na ji kujerar gefena ta yi 'yar ƙara. Na waiwaya. Yaya ta kama mariƙin da hannu biyu, ta ɗauke numfashi, ta ɗaga jikinta sama, ƙafar nan mai kumburi tana rawa. Motar ta haye sumul, ko sauti babu.

Na ce, "Yaya, don girman Allah ki zauna. An gyara fa. Ki zauna gaba ɗaya."

Ta dubi hannayenta kamar ba nata ba, ta sake su a hankali.

"Na sani, Auta," in ji ta. "Jikin ne bai ji labari ba tukuna."